Kare yana ɓata min gilashin taga da raga, ina mafita?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum, jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar karnuka da waɗanda suka san aikin gilashi. Kare ne namiji, watansa 11, nauyinsa ya kai kilo 24. Tagar falo mai zugewa ce, firam ɗinta na alminiyam, ƙasanta bai fi santimita 60 daga daɓe ba, kuma tana kallon hanya. Duk wanda ya gifta sai karen ya zabura ya dafe gilashin da ƙafafun gaba yana haushi. Yanzu ƙasan gilashin kullum dama-dama yake da shaidar hanci da yawu, ko an goge sai ya bar wani fari-fari. Akwai siraran layukan karce da ake gani in rana ta haska, ragar sauro ta yage a kusurwa, ga shi ya fara gwaguyar katakon da ke gindin tagar. Da me ake wanke wannan dattin ya fita fes ba tare da an cutar da karen ba? Karcen yana gyaruwa ko sai an canja gilashi? Babbar tambayar kuma, yaya za a yi ya daina zuwa wurin? Tsawa dai an yi ta daka masa, ba ta yi amfani ba. Na gode.

Mai aikin gilashi:

Wa alaikumus salam, Malam. Ni ɓangaren gilashi zan taɓa, horo kuma na bar wa masu shi.

Kafin maganar karce, fara duba wane irin gilashi ne a tagar, domin nan haɗarin yake. Gilashi na gama-gari mai kaurin milimita 3 ko 4, idan ya fashe dogayen tsinaye yake yi masu kaifin wuƙa, kuma kare mai kilo 24 da ke faɗa masa a guje, ƙafafunsa na gaba ne za su fara kutsawa ciki. Leƙa kusurwoyin nan huɗu. Gilashin da aka gasa da wuta, irin na ƙofofin mota, yawanci yana da ɗan tambari a kusurwa wanda ba ya goguwa. Ya ninka na gama-gari ƙarfi kamar sau huɗu, in ya fashe kuma sai ya zube ƙanana-ƙanana kamar tsakuwa. Akwai kuma mai falle biyu, irin na gaban mota, wanda aka manne da siririyar roba a tsakiya mai kaurin milimita 0.38 ko 0.76. Shi ko ya tsage yana nan tsaye a wurinsa. Taga mai kusa da ƙasa kamar taka, ɗayan biyun nan ya kamata a sa mata. Sai dai gasasshen gilashi ba ya yankuwa, ba ya huduwa bayan an gasa shi, da an taɓa shi da abin yanka sai ya tarwatse. Saboda haka a auna faɗi da tsawo a wuri uku-uku, a ɗauki mafi ƙanƙanta kafin a ba da aiki.

Idan canjin bai samu ba yanzu, a manna ledar kariya mai haske ta ciki. Mafi ƙarancin kaurin da ake kira na kariya maikuron 100 ne, wato kashi ɗaya cikin goma na milimita, mai 175 zuwa 200 ta fi. Ba ta hana gilashi fashewa, aikinta riƙe ɓaraguzan wuri ɗaya.

To, karce. Mutane da yawa suna ɗauka faratan kare ne ke yanka gilashi, alhali ba su ba ne kai tsaye. A ma'aunin tauri na Mohs, wanda ke tafiya daga 1 zuwa 10, farce yana wajen 2.5, gilashi wajen 5.5, ƙwayar yashi kuwa 7. Mai taushi ba ya karce mai tauri. Yashin da ya maƙale ƙarƙashin farata da tsakanin yatsu, ko ƙurar da ke kwance a jikin gilashin, shi karen ke dannawa ya ja ƙasa. Shi ya sa layukan suke fitowa a jere, uku-uku ko huɗu-huɗu, daga sama zuwa ƙasa. Kuma shi ya sa goge gilashi mai ƙura da busasshen tsumma yake ƙara wasu.

Ka wanke wurin tukuna, don wani abin da ake gani kamar karce datti ne kawai da farce ya ja. Wanda ya rage, ka bi shi da farcenka a gicciye. In farcen ya wuce sumul, na sama-sama ne, yana fita da garin siriyam oksaid da masu goge gilashi ke amfani da shi. Ana dama shi da ruwa ya yi kaurin fenti, a shafa a kan faifan ulu mai tauri da aka ɗaura a injin huji, a tafi da shi a hankali, ana fesa ruwa kada ya bushe. Zana wurin da alƙalamin maka ta bayan gilashin, don da zarar garin ya rufe shi ba za ka ƙara ganin layin ba. Bayan kowane minti ɗaya ko biyu ka ɗora bayan hannu. In zafi ya hana ka barin hannun, dakata, zafi a wuri ɗaya yana tsaga gilashi. Kada kuma a tsaya a kan layin kaɗai, a riƙa faɗaɗa da'irar, in ba haka ba wurin zai yi ɗan kwari, duk abin da ka hango ta nan sai ya lanƙwashe. In kuwa farcenka ya maƙale a layin, ka haƙura da gogewa. Zurfin ya wuce, kuma nan gilashin zai bi ya tsage ran da ya sha wani bugun. Gilashi mai shafin hana zafi a fuskarsa shi ma ba a goge shi haka, shafin ne zai tafi ya bar tabo.

Kariyar da na fi yarda da ita garkuwa ce: fallen roba mai haske, folikabonet ko akirilik, mai kaurin milimita 3 zuwa 4. A rufe ƙasan tagar da shi har inda ƙafafun karen ke kaiwa in ya miƙe, a ƙara santimita 10. A jikin bango ko firam ake ɗaure shi, ba a jikin gilashi ba, a bar tazarar santimita 2 zuwa 3 don tagar ta riƙa zugewa ta bayansa. Hujin da za a yi a robar ya fi ƙusar ɗaurin faɗi da milimita 2 ko 3, kada kuma a tamke ta tam, domin robar tana buɗewa da zafi ta tsuke da sanyi. In ba ta da wurin motsi sai ta yi ciki ko ta tsage daga bakin huji. Folikabonet ya fi jure bugu nesa ba kusa ba, akirilik ya ɗan fi jure karce amma yana iya tsagewa. Duka biyun za su karce in an daɗe, amma ai don su sha wahalar a madadin gilashi aka sa su.

Raga kuwa, ta yau da kullum farce ɗaya ya ishe ta. Ta alminiyam tana lotsewa, in ta yage kuma bakinta yana yankan dagi. Nemi wadda aka yi don gida mai dabbobi, zaren foliyesta ne da aka lulluɓe da roba, ko ta ƙarfen da ba ya tsatsa. Da yake tana da kauri, igiyar robar da ake cusawa a kwararon firam don riƙe ta sai an nemi wadda ta ɗan fi tsohuwar siranta, in ba haka ba ba za ta shiga ba. Ko wace iri ce dai, raga ba ta ɗaukar nauyin kare. In za a bar tagar a buɗe, a sa abin tokare da zai hana ta wuce santimita 10.

Mai horar da karnuka:

Malam, duk abin da mai gilashi ya faɗa daidai ne, amma muddin karen yana hango hanya zai ci gaba da faɗa wa tagar, da garkuwa ko babu. Ka dubi abin ta idonsa. Mutum ya ɓullo, ya yi haushi, mutumin ya wuce ya ɓace. Shi mutumin dama tafiyarsa yake yi, amma a wurin kare haushinsa ne ya kore shi. A hanya mai jama'a yana iya samun wannan nasarar sau ashirin ko talatin a rana, kowace kuma tana ƙara kafa ɗabi'ar. Tsawa ba ta rage komai, sau da yawa ji yake kamar an taya shi, hankalinsa ya ƙara tashi. Duka kuwa haɗa masa ganin baƙo da jin ciwo yake yi, ya ƙara tsanar masu wucewa.

Don haka tun yau, kafin kowane horo, a toshe masa gani. Nemi leda mai hazo-hazo, wadda haske ke ratsawa amma ba a gane abin da ke bayanta. Akwai irin da ba ta da gam, ruwa kawai ke manna ta, ana ɓare ta a mayar, kuma ita nake so ka samu saboda dalilin da zai zo a gaba. Auna daga daɓe zuwa idon karen lokacin da ya miƙe a kan ƙafafun baya, ka ƙara santimita 15 zuwa 20, nan ledar za ta tsaya. Sama da nan a bar shi fayau, mutanen gida suna ganin waje. Gilashin ya wanku tas, don ko gashi ɗaya ya rage zai fito da kumfa. Ɗiga sabulun wanke kwano sau uku ko huɗu a rabin lita na ruwa, fesa wa gilashin har yana tsiyaya. Yanka ledar ta fi awo da santimita 2 kowane gefe, ɗora ta, daidaita, sannan ka kori ruwan da katin roba daga tsakiya zuwa gefe. Yanke rarar da sabuwar reza, ka bar tazarar milimita 1 zuwa 2 tsakaninta da firam, ta nan sauran ruwa ke fita, kuma bakinta ba zai ɗago ba.

Labule ba ya wadatarwa, da hanci zai ture shi. Labulen nan mai falle-falle da igiya ma ya fi muni: yana cusa kai ya lanƙwasa fallayen, igiyar kuma tana iya zarge masa wuya. In akwai shi a ɗage shi sama, a naɗe igiyar a ƙugiya inda ba ya kaiwa. Kujera ko tebur da ke jikin taga tsani ne, a ja shi aƙalla mita ɗaya. Lokacin da ba kowa a gida falon ya zama a rufe, ko a gitta ɗan shinge a ƙofarsa, domin duk haushin da ya yi a bayan idonka yana warware abin da ka koya masa. Ka sani kuma kunnensa ya fi naka nisa, in gani ya toshe zai koma bin sauti. Fanka ko rediyo ƙasa-ƙasa yana rufe takun masu wucewa.

Horon kansa kashi biyu ne. Na farko, a ba shi wurin zuwa. Shimfiɗa ɗaya, mita 3 ko fiye daga taga, inda ba ya fuskantarta. Ka fara lokacin da hanya ta yi shiru. Jefa ɗan abin lada a kan shimfiɗar. Da ƙafafunsa sun hau ka ce "yawwa", ka ƙara masa wani cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. Saurin nan shi ne ƙashin bayan aikin, in ka yi jinkiri bai san me aka biya shi ba. Idan ya fara zuwa da kansa sai ka sa wa abin suna, kalma ɗaya tak, misali "wurinka", kuma duk 'yan gida ita za su riƙa faɗa. Daga nan a riƙa jan lokacin zama: daƙiƙa 3, 5, 10, 30, har minti biyu. Minti 3 zuwa 5 sau uku a rana ya fi rabin awa a zama ɗaya. Ladan ya zama ƙanana kamar kan ɗan yatsa, a cire shi daga rabonsa na ranar, kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na abin da yake ci.

Na biyu, a canja masa ma'anar mai wucewa. A nan ne za ka ɓare gefen ledar na ɗan lokaci. Ka sa wani ya riƙa giftawa ta waje da gangan, kai kana riƙe da karen da igiya can nesa, inda zai lura amma bai kai ga haushi ba. Da mutum ya ɓullo, lada. Ya ɓace, lada ya tsaya. Mutum tukuna, sannan lada. In ka riga ka fito da shi kafin ya ga mutumin ba abin da ya koya. Idan ya yi haushi, ko ya ƙi karɓar abin da ya saba so, kun matso da yawa, ku ja baya taku biyu. Alamar an kama hanya ita ce ya ga mutum ya juyo ya kalle ka. A wannan gaɓar za ka ce "wurinka", ya je, ya karɓi ladansa a can. In an gama a mayar da ledar.

Kada ka yi tsammanin sati ɗaya, ɗabi'ar da ta yi watanni tana kafuwa makonni take ci. Wata 11 kuma lokacin rawar kai ne a wurin kare. Yana bukatar fita sau biyu a rana, a bar shi ya yi ta shinshine-shinshe har ya gaji, da abin tauna nasa na kansa. In ba shi da abin yi, gadin tagar zai ɗauka aiki.

Mai aikin share-share:

Ɗan'uwa, fari-farin da kake gani bayan an goge ba laifin tsumma ba ne. Yawu da danshin hanci suna da yauƙi, in sun bushe sai su kama gilashi kamar gam. Idan ka fesa maganin goge gilashi ka goge nan take, samansa kawai ya jiƙa, sai ka shafe shi ko'ina. Jiƙo ne ke fitar da shi, ba dirza ba.

Fara da ruwa zalla don sauke ƙura da yashi. Sannan lita ɗaya ta ruwan ɗumi da rabin ƙaramin cokali na sabulun wanke kwano, kada ya wuce haka, yawan sabulu shi ma yana barin shafi. Jiƙa tsumma ka manna a wurin minti biyu zuwa uku, sannan ka goge. Bi da farin ruwan khal da aka sirka da ruwa rabi da rabi a kwalbar feshi, shi ke cire sauran sabulu da farin da wani ruwan ke bari in ya bushe. Ja ruwan da robar jan ruwa, kana share bakinta bayan kowane ja, layi yana hawa kan layi da kamar santimita 2. Gefe-gefe kuma busasshen tsumman maikurofaiba. Ciki ka ja a tsaye, waje a kwance, in layi ya rage nan take za ka san ta wane gefen yake. Kada a yi aikin rana na dukan gilashin, ruwan zai bushe kafin ka ja shi. In ana bi kowane kwana biyu ko uku, minti biyu ya isa; wanda ya yi sati biyu ne ke neman dogon jiƙo.

Tsumman taga ya zama daban, kuma kada a wanke shi da maganin laushin kaya, yana barin maiƙo. Ruwan khal kada ya kwanta a kan dutsen mabul, yana cinye ƙyallinsa.

Ka karanta jikin kwalbar maganin goge gilashinka. In da amoniya a ciki, ajiye shi. Yana hawa hancin kare da idonsa, warinsa yana kama da na fitsari har ya ja wani karen ya yi alama a wurin, kuma yana ɓata ledar gilashi. Garkuwar robar da aka ambata a sama, amoniya da sifirit duk suna sa ta yi tsage-tsage ƙanana ta dushe, ruwan sabulu kawai take so. Bilic kuwa ba a haɗa shi da ruwan khal ko amoniya ko kusa, iska mai guba yake tayarwa.

Kada a manta da kwararon da tagar ke zugewa a kai. Gashi da yashi suna taruwa a nan su cinye tayoyin, su toshe ƙananan hujin da ruwan sama ke fita. A zuƙe su a bushe tukuna, a bi da tsohon burushin haƙori da ruwan sabulu, a tsane, a ɗan fesa silikon mai sa santsi. Ban da giris ko man inji, gashi suke kamawa. In ya taɓa ɗaga ƙafa ya yi fitsari a jikin firam, a wanke da wuri don yana cin alminiyam, a zuba maganin wanki mai enzayim da aka yi don fitsarin dabbobi, a bar shi minti 10 zuwa 15 kafin a goge.

Mai tambaya:

Allah ya saka muku da alheri. Na duba, babu tambari, gilashin gama-gari ne. Shin baƙar leda ko mai madubi irin ta mota za ta yi a madadin mai hazo? An kuma ce in shafa barkono a katakon. Wani abu da na lura shi ne ba ya gwaguyar katakon sai ba kowa a gida, in an dawo a tarar da yawu a ƙasa wurin.

Ma'aikaciyar asibitin dabbobi:

Malam, don Allah ban da barkono. Zai taɓa da dagi ya sosa ido, ya shaƙa ya yi ta atishawa da hawaye, kuma ba zai hana dalilin gwaguyar ba. Akwai feshi mai ɗaci da aka yi don haka, wasu karnukan suna gudunsa, wasu ba ruwansu, kuma sai ana sake fesawa kullum. Rufe bakin katakon da kusurwar alminiyam ko tayil ya fi shi tabbas.

Maganarka ta ƙarshe ce ta fi damu na. Haƙoran kare na dindindin, guda 42, sun gama fitowa tun yana wata 6 zuwa 7, don haka ba za a ɗora wa ƙaiƙayin dadashi laifin ba. Gwaguya a bakin mafita, taga ko ƙofa, wadda ba ta faruwa sai ba kowa, ga kuma dalalar yawu, alamu ne na firgicin kaɗaici. Wannan daban yake da haushin masu wucewa, kuma leda ba ta maganinsa. Ka jingina waya tana ɗaukar bidiyo, ka fita na minti 30. Idan cikin mintunan farko ya hau zarya, haki, kuka mai ja, ya ƙi abin taunawar da ka bar masa, yana tonon gindin taga, to firgici ne. In kuwa ya kwanta ya yi barci, sai can ya tashi ya lalubi katako a natse, zaman banza ne, kuma abin da mai horo ya faɗa ya isa.

In firgici ne, faɗa bayan an dawo ƙara shi yake yi. Kulle shi a keji ma yana iya sa ya karya haƙora ko farata wajen neman fita. Ana koya masa zaman kaɗaici kaɗan-kaɗan, daga daƙiƙoƙi, ana dawowa kafin hankalinsa ya tashi, a riƙa ƙarawa. Kai bidiyon wa likitan dabbobi. Akwai magunguna irin su fuluoksetin da kulomifuramin da ake haɗawa da horon, amma likita ne ke rubuta su da awon nauyin kare, kuma sai sun yi makonni kafin a ga aikinsu. Irin wannan karen, da mai tsoron tsawar hadari ko ƙarar wasan wuta, su ne ke ratsa gilashi da jikinsu, saboda haka kada a bar shi shi kaɗai a ɗakin da wannan tagar take har sai an canja ta. In ba a fiɗiye shi ba kuma, warin karya mai neman barbara a kusa yana sa namiji neman fita ko ta ina.

Katakon kansa, ɓaraguzansa suna maƙalewa a dadashi ko a gicciye a saman baki. In tsohon fenti ne a kai yana iya zama mai dalma, wadda guba ce ga kare da yara. A Amurka ma sai a 1978 aka hana ta a fentin gidaje. Amai, rashin cin abinci, tangaɗi ko farfaɗiya bayan gwaguyar tsohon fenti, asibiti ne nan take.

Farata a rage su kowane sati uku zuwa huɗu. In kana jin ƙarar su a daɓe sun yi tsawo. Akwai tsoka mai jini a cikin farce, a farin farce ana hango ta ja-ja, a tsaya milimita 2 kafin ita. A baƙin farce a riƙa yanka siriri-siriri har a ga ɗigo mai duhu a tsakiya, a tsaya nan. A goge bakin da abin gogar farce, don sabon yanka ya fi yaga raga da leda. Kada a manta da ɗan farcen da ke gefen ƙafa ta ciki, shi ba ya taka ƙasa, kuma shi ya fi maƙalewa a raga. In an dawo daga yawo a ɗauraye dagin, a bi tsakanin yatsu.

Idan tsautsayi ya sa ya yanke da gilashi, a danna tsumma mai tsabta minti 5 zuwa 10 ba a ɗagawa. Ɓallin da ya nutse kada a zare shi, a naɗe kewayensa a tafi asibiti. Shaidar hanci a gilashi kuwa in ruwa-ruwa ce fara, lafiya ce. Majina mai kauri, rawaya ko koriya, ko mai jini, ko ta ƙofar hanci ɗaya, ita ke bukatar dubawa.

Mai aikin gilashi:

Malam, baƙar leda da mai madubi ba za su yi maka aikin ba. An yi su ne don na waje kada ya ga ciki, na ciki kuwa yana ganin waje sarai, wato karen yana nan da kallonsa. Da dare in an kunna fitila abin juyawa yake yi, na waje ya ga ciki, karen kuma ya ga inuwarsa a gilashi, wani har ya hau yi mata haushi. Ga wata matsalar: leda mai duhu tana sa gilashi ya sha zafi, tsakiya ya yi zafi gefen da ke cikin firam yana da sanyi, sai tsaga ta taso daga baki ta shigo ciki. Gilashin gama-gari ne ya fi yin haka, musamman in rabinsa aka rufe ko bakinsa yana da ɗan ɓalli. Mai hazo fara ba ta shan zafi kamar haka.

Tunda naka na gama-gari ne, ga yadda zan jera maka: yau a rufe falon in za a fita, a sa mai hazo. Cikin satin nan a auna a ba da aikin gasasshe ko mai falle biyu, mai kaurin da kwararon firam ɗinka zai ɗauka, a duba kuma ko tayoyin za su iya nauyinsa, don mai falle biyu ya fi nauyi. Kada ka ɓata lokaci wajen goge karcen gilashin da za a cire. In sabon ya zo sai a mayar da ledar a kansa, garkuwar roba ta zo a gabanta don farata kada su ɓare ta. Akwai ma gilashin da ake yi da hazonsa tun daga masana'anta, in fallen ƙasa daban yake da na sama sai a sa shi a nan, a huta da leda gaba ɗaya. Gefensa mai santsi ya kalli ciki, mai kaushin yana riƙe yawu, wanke shi wahala ne.